Yinin da Ƙirgin Yaya Bai Faɗi Ba

Ni barunje ne, ɗan barunje, da wuƙar fawa na buɗe ido, kuma a zamanina duk Ƙofar Kware ba wanda zai bugi ƙirji ya ce ya fi ni sanin fata. Ba cika baki ba ne. Ka rufe mini ido ka miƙo mini ƙirgi, in shafa shi sau ɗaya in gaya maka na sa ne ko na saniya, a inuwa ya bushe ko a rana, wanda ya feɗe shi gwani ne ko ɗan koyo mai rawar hannu. Mutane suna yaba mini a kan wannan har yanzu da na tsufa, ni kuwa da sun fara sai raina ya ɓaci, in kawo wata magana.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da yayana. Shekara huɗu ya ba ni. Shi ma an koya masa fawa kamar kowa a gidanmu, amma tun yana saurayi ya ajiye wuƙa ya ɗauki garaya, ya bi maharba. Babanmu har ya koma ga Allah bai huce ba. Cewa yake mahauci da kalangu aka san shi, shi ma kalangun kaɗa masa ake yi, ba shi ke kaɗa wa wasu ba. Ga shi kuma garin malamai ne, mai garaya ba ya ratsa unguwa da ita a fili. Yaya naɗe tasa yake yi cikin tsohon zane, sai ya fita ƙofar gari ya kwance ta. Amma fa in ya kwance, to, ya kwance. Na ga ƙaton maharbi mai gemu yana kuka da hawaye saboda kiɗan mutumin nan. Ba shi da gona, ba shi da rumfa, Allah bai ba shi ɗa ba. Garayar nan ita ce duk abin da ake kiransa da shi.

To garaya ba a kaɗa ta da yatsa tsirara. Akwai ɗan guntun ƙirgi, wato busasshiyar fatar sa wadda ba a jeme ba, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, shi makaɗi ke matsewa tsakanin babban yatsa da manuni yana bugun tsirkiya da shi. Abu ne da in ka gan shi a ƙasa shuri za ka yi da shi ka wuce. In ya yi kauri sauti ya toshe, ya riƙa cin tsirkiya. In ya yi siriri ya lanƙwashe, ka ji garaya tana magana kamar mai mura. Ni nake yanka wa Yaya nasa tun ranar da aka yarda in feɗe sa ni kaɗai. Daga wuyan bijimi nake cira, in kankare gashin bakin, in bar ɗan gashi a gindi inda yatsa zai zauna, in danne shi ƙarƙashin dutsen niƙa kwana uku a inuwa. Bakin kaɗai ake shafa wa man shanu, ba a bari ya kai gindi.

Riƙon ma da nasa ilimin. Yaya yakan ce riƙon ɗan tsako ake yi masa, ka matse ya mutu, ka sassauta ya tsere. Fiye da shekara goma ina zama kusa da shi a wurin wasa, ban taɓa ganin ƙirgi ya kuɓuce masa ba, ko da gumi na zuba.

Sai wata shekara, ba a daɗe da Nasara sun ci gari ba, lokacin da dillalan kamfani suka fara bin mayanka suna kwashe fatu ana loda wa jakuna. Wata safiya yana gwada sabuwar tsirkiya a tsakar gida, ƙirgin ya yi tsalle daga hannunsa ya faɗa cikin ƙwaryar kunun matarsa. Muka yi ta dariya, na ce yau kunu ya samu nama. Bayan kwana biyu ya sake faɗuwa. Kafin wata ya ƙare ya zama ba ya kai ƙarshen taken mutum ɗaya sai ya sunkuya yana lalubar ƙasa.

Ni ya fara kamawa.

"Kai, wane irin ƙirgi na kaka yanko min kwanakkin ga? Santsi garai awa kuɓewa."

"Irin na kullum na, Yaya."

"Ƙarya kakai. Na ƙwarai kana saida ma 'yan kamfani, ni ka kawo min ragowa. Nasara ya hi maka ɗan'uwanka?"

Wallahi har yau ban manta maganar nan ba. Ni da nake ware masa wuyan bijimi tun jini bai daskare ba, dillali na tsaye yana roƙo? Na ce masa in fatata ba ta yi masa ba, ga kasuwa nan, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa. Muka yi kwana shida gida ɗaya ba ko gaisuwa. Zuciya gare ni, ban ɓoye ba, shi ma kuma ba baya ba ne, ai nono ɗaya muka sha.

Abin da ya sauko da ni, maharba ne. Suna da al'adarsu: in makaɗi yana cikin taken mutum ƙirgi ya faɗi ƙasa, wannan mutum ba zai shiga daji ba a wannan fita, ko da giwa aka ce tana jiransa a ɗaure. Cewa suke bakansa ne ya faɗi. Sau biyu kuwa abin ya faru a bainar jama'a a ranin nan, na biyun ma a kan taken ƙanen sarkin baka, wato ƙanen shugaban maharban ƙauyukan fadama. Sarkin baka dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya zo har zaurenmu, ya sha ruwa, ya ce wa Yaya:

"Makaɗi, ni ba ni da wani in ba kai ba, ka sani. Amma mutanena sun hwara gunaguni. Lahadin sama muna taruwa Kwalkwalawa, hwarauta babba ta. In yas sake hwaɗuwa, ban iya tare maka. Akwai wani makaɗi Kware da suka ta zancenai."

Ya tafi, Yaya ya zauna yana kallon tabarma. Ina bakin ƙofa, na ji komai. Na shiga na zauna kusa da shi, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri, muka shiga neman dabara. Kwana goma sha biyu ya rage mana.

Ba abin da ban gwada ba. Na tsattsaga gindin ƙirgin da bakin wuƙa don ya yi kaushi, ya faɗi. Na bar gashin duka, ya faɗi. Na jiƙa ƙaro na shafa masa a yatsu, ya kama na ɗan lokaci, da ya bushe sai ya fi da santsi. Na roƙi wani baduku guntun fatar dorina, irin wadda ake bulala da ita, ta tsinka mana tsirkiya biyu a yini ɗaya. Har wurin kukun wani akawu na je, mutumin bakin teku da ke aiki a barikin Nasara, don an ce maigidan nasa yana da wata babbar garaya mai tsirkiya shida da suke kira jita, yana kaɗa ta da ɓawon kunkuru. Kukun ya ɗauko mini abin a ɓoye na gani, siriri, sumul, haske na ratsa shi. Na dawo na kamo kunkurun Allah a fadama, na yanka, na yi kwana biyu ina gugar ɓawon. Bugu uku Yaya ya yi da shi, abin ya tashi sama, ba mu sake ganinsa ba. Ya dube ni ya ce, "Alhakin kunkuru." Ranar kaɗai muka yi dariya a cikin kwanakin.

Saura kwana uku matar Yaya ta tare ni a bayan rumbu ina wanke wuƙaƙe. Mace ce mai barkwanci, kullum cikin tsokanata take, wai ƙarnin jinina ke kore mata kaji. Ranar ba wasa a fuskarta.

"Barunje, tsaya ka ji. Ku bar wahal da shanun mutane. Ba ƙirgi na ba."

"In ba ƙirgi na ba, mi na?"

"Shekaranjiya garwashi yaf faɗo mishi bisa hannu, shina ta magana, ni nij ji ƙauri kahin shi sani. Kuma akwai wani tabo ja-ja ga bayanai, wajen kahwaɗa. Tun damana nig gan shi."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce bakinta ya sari ɗanyen kashi. Na ce kaf zuriyarmu, uwa da uba, ba a taɓa kuturu ba, in a gidansu ake yi ta je can ta nema. Na faɗi abin da ya fi wannan muni, ba zan maimaita ba. Ta tsaya tana dubana, ta ce, "Allah Shi sa ƙarya nika yi," ta koma ɗaki.

Yanzu zan faɗi gaskiya, tunda ba wanda ya rage da zan ji kunyarsa. Na zage ta ne don maganar ta shige ni. Kuma abin da ya fara zo mini a rai, Allah Ya yafe mini, rumfata ce. Wa zai sayi nama a hannun mutumin da ke cin tuwo akushi ɗaya da kuturu? Sai na ture zancen gefe, na ce wa kaina surutun mata ne, na koma neman dabarar ƙirgi kamar ba a ce komai ba.

Washegari ƙotar wuƙata ta yi girgiɗi, na yanko zaren ɗanyar fata zan ɗaure. Haka muke yi: a jiƙe ake naɗa zaren, yana bushewa yana tsukewa, in ya gama ko da guduma ba ka raba ƙota da ƙarfe. Ina cikin naɗi na tsaya. Na ce to me zai hana? In yatsa ya ƙi riƙe ƙirgi, a ɗaure ƙirgi a jikin yatsa. Muka fara gwada jemammiyar fata da zaren auduga, bugu ashirin suka saki. Ɗanya ce ba ta saki.

Na san tana tsukewa, ai sana'ata ce. Amma na kwantar wa kaina da hankali da abu biyu. Na ɗaya, hannun makaɗi ba ya rabo da gumi, gumin zai riƙa jiƙa zaren ya hana shi bushewa sarai. Na biyu, in ya matsa ai mai yatsa zai ji, ya ce a sassauta. Muka gwada a zaure da sanyin safiya, ya yi take uku ƙirgi bai motsa ba. Yaya ya dubi hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Ashe kan ga naka ba na ɗaukar hwaihwan nama ɗai na ba." Na yanke zaren tun yana da laushi. Ko matarsa ba mu gaya wa ba.

Ran Lahadi muka yi sammako, muka ratsa fadama, an daɗe da yanke shinkafa, sai shanun Fulani ke kiwo. Muka haye gulbi a ƙafa, ruwan bai kai gwiwa ba. Kafin hantsi Kwalkwalawa ta cika da maharba da karnukansu da mata masu fura. A bayan wata tsamiya na jiƙa zaren, na ɗora ƙirgin a cikin babban yatsansa na dama, na naɗa tun daga gaɓa har gindi. Na tambaye shi ya yi? Ya ce in ƙara ja. Na ƙara, na ƙulle.

Kai! Ban taɓa jin kiɗa irin na ranar ba, kuma ba zan sake ji ba. Da ya tabbata abin ba zai faɗi ba sai ya saki hannu gaba ɗaya. Ya ɗauki taken sarkin baka, dattijon nan mai sanyin magana ya miƙe yana kirari har hularsa ta faɗi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsallake. Da ya zo kan ƙanen sarkin baka, wanda aka hana fita a baya, kowa ya zuba ido a kan hannun. Yaya ya ja taken, ya ninka, ya sake ninkawa, don dai a gani. Tsuma ta kama mutumin ya faɗi yana birgima, sai da mutum huɗu suka danne shi.

Ni fa? Ina gefe ina shan fura ina washe baki, duk wanda ya zauna kusa da ni sai na raɗa masa cewa aikina ne. Rana ta take, irin ta bazara mai fasa ƙasa. Da azahar na matsa na ce masa a kwance ya yi alwala in sake jiƙawa. Ya harare ni bai daina bugu ba, ya ce zai rama, kada in katse masa hanzari. Na dubi fuskarsa, gumi na ɗiga daga gemu, riga sharkaf. Na ce to ai ga gumi nan, na koma ga furata. Hannun ban duba ba. Da na duba da na ga daga wuyan hannun zuwa yatsu a bushe yake ƙayau, ciwon ya daɗe da hana wurin gumi.

Sai bayan la'asar aka tashi. Sarkin baka ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce zancen makaɗin Kware ya mutu, cinyar farko ta duk abin da aka kashe tasa ce. Muka kamo hanya, Yaya na tafe yana rangaji, ya ƙi ma a kwance masa, wai sai matarsa ta gani. A bakin gulbi muka tsaya mu rama salla. Ya miƙo mini hannu yana ba ni labarin yadda idon ƙanen sarkin baka ya juye.

Yatsan ya kumbura kamar gauta, ya yi baƙi mai toka-toka, farcen ya zama shuɗi. Na taɓa, sanyi ƙalau, a cikin wannan zafi. Zaren ya bushe ya nutse cikin nama har ba a ganin komai sai ƙullin. Na san wannan launi, ina ganinsa a ƙafar dabbar da igiya ta shaƙe ta kwana. Na tsoma hannun a ruwa, zaren ya ƙi laushi. Na zaro wuƙa. Ba yadda za a yi ta shiga ƙarƙashinsa ba ta ci nama ba, ta kuwa ci, na ji bakinta ya taɓa ƙashi. Shi kuwa yana kallon wasu balbelu a tsallake, yana ta zuba labari.

"Ka ƙare?" in ji shi.

"Yaya, ba ka ji ba?"

Ya sauke ido ya dubi yatsan, ya daɗe yana dubawa.

"Tun bara ban jin komi nan," ya ce. "Yanzu ya kai ga wuyan hannu."

"Ka sani? Ka sani kab bar ni ina yawon kashe kunkuru? Kaz zage ni, kac ce Nasara ya hi min kai?"

"To in ban zagi hwata ba, mi kaka so in zaga?"

Na zauna a cikin ruwan nan da wandona, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da babanmu ya rasu. Shi ne ma yake ba ni haƙuri, wai in tashi mutane na zuwa. Ya ce ko yau ya mutu ya yi kiɗa.

Mun yi duk abin da ake yi. An gasa da ruwan zafi, an shafa, an sha rubutu, an ɗauko mai magani daga ƙauye. Kwana tara yatsan ya fara wari, wanzami ya ce in ba a cire ba zai tafi da hannun. A tsakar gida aka yi, ni na riƙe masa kafaɗa, ko da yake ba a buƙatar riƙo. Matarsa ba ta ce mini kanzil ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Wanzami ya ga tabon, bakin wanzami kuwa ba shi da linzami. Aka ware wa Yaya akushinsa da butarsa. Ni ma na ga canji a rumfa. Gidajen da suka saba aikowa a yanka musu sai suka riƙa wucewa gaba, wata tsohuwa ma ta tambaye ni a gaban mutane ko har yanzu gida ɗaya muke. Na ja danga a tsakiyar gida, na fasa ƙofata ta baya. Na ce wa kowa saboda 'ya'yana ne.

Da rani ya zagayo sarkin baka ya aiko. Maharba ba su da ƙyama irin ta mutanen gari, sun saba ganin jiki a lalace. Saƙon shi ne su ba yatsu suke ƙirgawa ba, in zai iya kiɗa irin na bara, wurinsa na nan.

Da hantsi Yaya ya same ni a rumfa, kasuwa ta fara cika, mutum uku na tsaye ina yanka musu. Rabonsa da rumfar tun kafin abin ya faru. Ya tsaya daga gefe har na ɗago. A tafin hagunsa ga ƙirgi, ga zaren ɗanyar fata da ya yanko da kansa, a karkace, wani wuri kauri wani wuri siriri.

"Ƙanena, ga manuni za ka ɗaura min. Na gwada, shina yi. Kai dai ka biyo ni da gora kana jiƙawa, in azahar ta yi ka yanke ka sake sabo. Wanga karo ban hana ka."

Dabara ce mai kyau. Tun bai rufe baki ba na san za ta yi. Na ce a'a. Na ɗaga murya, na ce na ci yatsa ɗaya ba zan ci na biyu ba, na rantse da Allah ba zan sake ɗaura masa fata a jiki ba, ya je ya tattala sauran da Allah Ya bar masa. Masu sayen nama suna gyaɗa kai, wani ma ya ce wallahi gaskiya ne.

"Su ko tahiya za su yi, ko ka ɗaura ko ba ka ɗaura ba," in ji Yaya. "Gara su tahi bisa aiki."

Ya miƙo hannun, na daman, mai yatsa huɗu, ta saman faifan nama. Ban san lokacin da na ja da baya na mayar da hannuwana biyu bayana ba. Ya dubi inda hannuwan suka ɓuya. Ya dubi mutanen da ke tsaye. Sannan ya janye nasa a hankali ya sa cikin riga.

"Gaskiyakka," ya ce. "Masu saye na kallo."

Ya juya ya tafi. Na ci gaba da yanka, har na yi wa na gaba gyara.

Matarsa ce ta ɗaura masa ranar taron, da zaren da ya yanka. Ba aikinta ba ne, ba ta san inda ake ja da inda ake ƙulli ba. Ni ban je ba. Labari aka kawo mini cewa tun a take na farko ƙirgin ya zame ya faɗi a gaban sarkin baka kansa. Dattijon bai shiga daji ba a wannan fita, aka aika Kware. Kafin azahar Yaya ya dawo, na ji shi ta bayan danga yana neman ƙusar da zai rataye garayar.

Shekara goma sha ɗaya ya yi bayan haka. Kullum ina miƙa masa nama ta kan danga, tsoka mai kyau, yana ci yana sa mini albarka, bai taɓa tayar da zancen ba ko da wasa. Ni ma ban tayar ba, ni mai bakin da ba ya shiru. Ina jin kunyar ranar rumfar nan fiye da yatsan da na kashe, don yatsan kuskure ne. Sauran huɗun da na ce ya je ya tattala, ciwon ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin damina biyar, yana zaune a gindin danga, ba wanda ya sake taɓa tsirkiya a cikinsu.